Yawon jirgin ruwa da amarya a hutun Disamba

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka fita da amaryarka yawon tsibiran Legas a hutun ƙarshen shekara, amma ba ka san ta inda za ku fara ba. Ni dai da bakin tekun Tarkwa Bay zan ce ku fara. Mota ba ta zuwa can, sai ta ruwa. Ku hau jirgi a tashar Five Cowries da ke Falomo, Ikoyi, ko a tashar CMS da ke Marina; cikin kamar minti 20 kun isa. Ruwan wurin a kwance yake, domin shingen duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa yana tare igiyar teku, don haka ko amarya ba ta saba ba, hankalinta zai kwanta.

Ilashe, wadda ita ma bakin teku ce ta shaƙatawa, ta fi Tarkwa Bay nisa, ta fi tsada, yawanci shatar jirgi ake ɗauka. A Disamba kuwa kuɗin sai wanda ya gani.

Kada ku shiga jirgin da babu rigar kariya, hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa na jihar Legas ma ta wajabta sanya ta. Ku juyo tun kafin magariba. Ku riƙe guzurinku da dardumar salla, a kuma ɗaure mayafi da kyau, iskar teku ba ta da kunya.