Na sayar da guda ashirin, amma jarin ya narke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama karatun lantarki, aiki bai samu ba, sai na fara haɗa wata 'yar na'ura da ke kashe injin bohol da kanta idan tanki ya cika, ko idan wuta ta zo da rauni. Kayan guda ɗaya suna cin naira 9,000, ina sayarwa 12,000. Cikin wata huɗu na sayar da ashirin, an dawo mini da uku. A lissafina na ci ribar 60,000, amma da na tashi sayo kayan zagaye na biyu, kuɗin ko na goma sha biyar bai kai ba. Ga shi wani mai shagon kayan famfo yana so in riƙa ba shi sari. Nawa ya kamata in sa mata?
*Wani matashi, Samaru, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa hannunka albarka. Amma gaskiya ɗaya ce: ba ka ci ribar 60,000 ba, uwar kuɗi ka yi ta ci kana zaton riba ce. Kada ka ji kunya, duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen dalma ya yi wannan kuskuren. Ni ma na yi shi da cajar batir shekaru da dama da suka wuce, har mai ɗakina ta tambaye ni ko sadaka nake yi da ita.

Ɗauko biro mu zauna. Wannan 9,000 ɗin kuɗin abin da ido ke gani ne a cikin akwatin: rile (ɗan makunnin da ke haɗa wuta da yanke ta da kansa), taransifoma, fanel (allon da ake dalmace kayan a kai), waya, kwanon da ka rufe. Ina kuɗin motar zuwa Sabon Gari a Kano da dawowa? Ina dalma, gam, noti, man janareto a ranar da aka ɗauke wuta kana tsakar aiki, datar da kake tallata kayan da ita a WhatsApp? Ina kayan da ka ƙona wajen gwaji? A raba su, da wuya su gaza 1,500 a kan kowace guda.

Sai ladan aikinka, wanda na tabbata ba ka sa ko kwabo ba. Irin wannan na'ura, daga yankan fanel zuwa gwaji, tana cin awa uku a hannu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne a wata, wato kimanin 400 a awa idan ana aikin awa takwas, kwana 22. Kai da ka yi shekaru kana koyon karanta zanen waya ba za ka tsaya a nan ba. Sa 1,000 a awa, ya zama 3,000. Wasu za su ce ai kai ne mai abin, me ya kawo maganar lada? To, ranar da oda ta yi yawa ka ɗauki yaro, daga ina za ka biya shi idan farashin bai san da zamansa ba?

Guda ukun da aka dawo da su ma kuɗi ne. Gyara, sabon rile, kuɗin mashin zuwa gidan mutum ka kwance ka mayar. Raba wannan a kan ashirin, ka ce 1,000. Jimla 14,500. Kana sayarwa 12,000, ke nan kowane ciniki da ya faɗa, kai ne ka bi mai saye da kyautar 2,500.

Bari in ɗan ratse kan waɗannan ukun, don ina zargin na san ciwonsu. In dai ɗan shuɗin rilen nan ne mai rubutun 10A kake jona wa injin kai tsaye, shi ne. Inji mai ƙarfin doki ɗaya yana jan sama da wat 750 idan ya kama aiki, amma a daidai lokacin tashi yakan finciki wuta ninkin ba ninkin. Fasa ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu ka duba bakin ƙarfen, za ka gan shi baƙi ƙirin, wani ma ya manne. Ka bar rilen ya riƙa kunna kwantakta, wato babban makunnin da aka yi don wuta mai nauyi, ita kuma ta ɗauki nauyin injin. Zai ƙara maka kuɗin kaya, amma ya fi a kira ka da sassafe ana cewa tanki ya yi ambaliya.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya fasa ƙofa, wato canji. Kusan duk abin da ke cikin akwatinka daga Sin ya fito, ya sauka Legas, ya bi ta kasuwar Alaba kafin ya iso Kano, kuma da dala aka sayo shi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa farashi da tsohon rasit a wannan tsakanin, kayansa sun ƙare, kuɗinsa kuma bai iya mayar da rabinsu ba. Saboda haka kafin ka faɗa wa kowa kuɗi, buga wa mai sayar maka da kaya waya ka ji nawa suke yau. Da wannan za ka yi lissafi, ba da 9,000 ta wata huɗu da suka wuce ba.

Mai shago kuwa, shi ma ci zai yi, kuma haƙƙinsa ne, tunda shi ke biyan haya yana ajiye kayanka a kanta. A kan lissafin nan namu, ni zan ba shi sari a 18,500, a sayar wa mai saye 24,000. Ka ga farashin ƙarshe ya ninka kuɗin kaya sau biyu da rabi da 'yar ɗoriya, kuma haka masu ƙera 'yan na'urori kaɗan-kaɗan suke yi ko a Turai da Amurka. Sharaɗi biyu: ya ba ka kafin alƙalami, aƙalla kuɗin kaya, kada ka yarda da "sai an sayar". Sannan kai ma in wani ya zo wurinka kai tsaye, 24,000 ce. Ranar da mai shago ya ji kana sayarwa ƙasa da shi a bayan gida, ya daina karɓar kayanka ke nan.

Na san abin da ke zuciyarka: wa zai sayi ta 24,000 alhali ga 'yar ƙwallon nan ta Sin da ake jefawa cikin tanki don ta kashe inji idan ya cika, mai araha? Kada ka yi tseren araha da masana'antar da ke fitar da dubbai a yini, ba za ka kai ba. Ita ƙwallon ba ta san wuta ta yi rauni ba, kuma in ta lalace babu wanda za a kira. Tambayi mai gidan nawa ya kashe a karo na ƙarshe da aka zaro masa injin daga rami aka kai gyara don a sake naɗa masa waya, sannan ka faɗa masa kuɗinka. Wanda ya taya 13,000, ka ce albarka, ku rabu lafiya. 'Yan'uwa da abokai su ne masu wuya. Yanke tun yanzu cewa raginsu ba zai sauko da farashi har 14,500 ɗin nan ba.

In kana son sauko da farashi, daga awa ukun nan za ka rage. Kamfanoni irin su JLCPCB a Shenzhen suna buga ƙananan fanel guda biyar a kan dala 2, sai dai kuɗin aikowa ya fi na bugawar, don haka ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya. Da bugaggen fanel, aikin awa uku zai iya komawa awa ɗaya. In ka gwada kwantaktar, rubuto ka faɗa mini guda nawa suka dawo cikin ashirin na gaba.