Ba kowane farin ruwa ne sanyi ba: amsa ga mai ciki wata shida

Tambaya: Likita, cikina wata shida, kuma farin ruwa na yawan zubo mini. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne, idan ban kashe ƙwayoyin ba za su kama jaririn. Sati biyu ke nan ina shan kafso daga kemis, ina tsarki da ruwan magani. Sai kuma na ji wai ƙwayoyin jikin uwa ne ke gina garkuwar ɗa. Hankalina ya tashi, wanne ne gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye kafson nan yau, ki ɗauki kwalinsa ki je da shi awo.

Abin da kika ji yana da tushe. Jariri ba ya cuɗanya da ƙwayoyin bakteriya na jikin uwa kai tsaye a mahaifa. A 2019 masana a Kambirij ta ƙasar Ingila sun binciki mabiyiya ta mata 537, ba su sami wasu ƙwayoyi da ke zaune a cikinta dindindin ba. Abin da ke isa gare shi shi ne sinadaran da ƙwayoyin hanjinki ke samarwa in sun narkar da wake, gero ko ganye, suna bin jini su ratsa mabiyiya. A 2016, a Bern ta ƙasar Suwizalan, an zuba wa ɓeraye masu ciki, waɗanda ba su da ƙwaya ko ɗaya a jiki, wani nau'in ƙwayar hanji mai suna E. coli na ɗan lokaci. 'Ya'yansu suka zo da ƙarin ƙwayoyin garkuwa a hanji. A ɓera aka gani, amma ya nuna hanya. Sinadaran kariya na IgG kuwa, mafi yawansu a watanni ukun ƙarshe suke tsallakawa daga uwa zuwa ɗa.

Yanzu batun sanyin nan da ya ishe mu. Farin ruwa marar wari, marar ƙaiƙayi, ƙaruwa yake yi da ciki, aikin sinadaran jiki ne. Gaban mace yana da masu gadinsa, ƙwayoyin Lactobacillus, masu riƙe wurin da tsami don kada miyagu su samu wurin zama. Kowane tsarki da ruwan magani, kowane matsi na masu tallar kayan mata, waɗannan masu gadin yake fara kora. Daga nan sai ruwa mai ƙarni ya biyo baya, wanda aka san yana da alaƙa da haihuwar bakwaini. Sai a koma wurin mai kemis ɗin, ya ƙara wani kafson. Mutumin da bai duba fitsari ba, bai ɗauki samfurin ruwan ba, ta ina ya san ciwon? Idan kafso ja da yalo ya ba ki, mai yiwuwa maganin tetracycline ne, wanda ke shiga ƙashi da haƙoran jariri ya ɓata musu launi. Sauran kuma suna share ƙwayoyin hanji masu amfani, su buɗe wa ƙaiƙayi ƙofa.

Kada ki fahimce ni a baibai. In gwaji ya nuna ciwon mafitsara, ki shanye maganin da aka rubuta miki har ƙarshe, domin barinsa na iya kaiwa ƙoda ya tayar da naƙuda kafin lokaci. Tsarki da ruwa zalla, daga waje kawai. Idan ruwan ya koma kore ko rawaya, ko da wari, jini, zafin fitsari ko zazzaɓi, kada ki jira ranar awo.