Likita, me ya sa aka ce sai an ƙara rina naman kafin a ba mu sakamako?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Mahaifiyata ce ke da tawadar Allah a tafin ƙafa tun da daɗewa, to kwanan nan sai ta fara faɗi, launinta ma ya rarrabu. An yanke ta an kai ɗakin gwaji, da muka koma karɓar sakamako sai aka ce wai sai an ƙara wani rini na musamman. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ko dai kansa, wato ciwon daji, suka gani suke ɓoye mana?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, neman ƙarin rini ba ya nufin an ga kansa, yana nufin likitan da ke duba naman ba ya son yanke hukunci da ka.

Naman da aka yanko ana feƙe shi siriri sosai a ɗora kan gilashi, a rina shi da rinin yau da kullum mai suna H&E, sannan a leƙa ta madubin likita. Yawancin lokaci wannan kaɗai ya wadatar. Amma akwai tawadar da ke zama a tsakiya, ƙwayoyinta sun ɗan karkace amma ba su kai melanoma ba, wato kansar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma gaskiya har ƙwararru sukan saɓa a kan irin wannan. A nan ne ake kawo rini na biyu, wasu sinadarai ne da kowanne ke manne wa furotin guda ɗaya tak, inda ya same shi sai wurin ya yi launi.

A cikin irin wannan rinin, S100 da SOX10 da Melan-A aikinsu su ce eh, waɗannan ƙwayoyin launi ne, ga inda suka bazu. Ba sa raba mai kyau da mugu, duka biyun suna kamawa. HMB-45 ya fi su bayani: a tawada mai lafiya yakan kama ƙwayoyin sama, ana yin ƙasa yana dusashewa, don ƙwayoyin suna natsuwa yayin da suke nitsewa cikin fata, a melanoma kuwa sai ki ga ya kama nan da can har can ƙasa. Ki-67 yana ƙirga ƙwayoyin da ke cikin rabuwa, a tawada ta gari ba su cika kai kashi 5 cikin 100 ba, idan suka yi yawa musamman a ƙasa to abin dubawa ne. Akwai p16, wani birki ne da ke hana ƙwaya yaɗuwa barkatai, in aka ga ya ɓace gaba ɗaya sai a ƙara sa ido.

Wanda aka fi magana a kansa yanzu shi ne PRAME, rinin da ke neman wani furotin da aka fi samu a ƙwayoyin melanoma. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya same shi ya kama sosai a kusan kashi 83 cikin 100 na melanomar fata, yayin da kusan kashi 86 na tawada mai lafiya ba su kama ko kaɗan ba. Kin ga ke nan akwai melanomar da ke kuɓuce masa, akwai kuma tawada mai lafiya da yake ɗan kamawa. Shi ya sa ba na son a riƙe rini ɗaya a ce shi ne alƙali, dukkansu shaidu ne, sai an haɗa su da siffar naman da shekarun mutum da wurin da abin ya fito.

Wurin nan na Mama shi ya sa na ji daɗi da ba ku yi sakaci ba, domin a masu baƙar fata melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, kuma mutane kan ɗauka tabo ne kawai har a makara.

Ranar da za ku koma ki tambayi abu biyu: shin an cire ta duka, gefen naman ya fita tsaf? In kuma melanoma ce, kaurinta milimita nawa? Wannan awon kaurin shi ne kan gaba wajen sanin ko ƙara yanka gefen kawai za a yi ko sai an duba kaluluwar matsematsi. Don Allah kar ku fasa komawa.