Tambaya da Amsa: Me ya sa gidan maƙwabci ya yi nisa a Lugbe?

Tambaya: Salam Malam. Ina zaune a wani estet a Lugbe, gidan yayata yana bayan katangarmu, har muryar yaranta nake ji, amma in zan je sai na fita get na hau babban titi na zagayo, kusan minti ashirin a keke. Wai haka aka tsara garin ne? Daga Maman Ilham.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Gaskiya tsarin Abuja na 1979 ya fi kula da tsakiyar gari, su Garki da Wuse da Maitama. Da gwamnati ta taso daga Legas a 1991 sai jama'a suka yi ta kwararowa, haya ta yi tsada, mutane suka fantsama Kubwa, Lugbe, Nyanya har Mararaba da ke jihar Nasarawa.

To a nan ne matsalar take, kowane mai estet ya sayi fili ya zagaye da katanga ya bar get ɗaya saboda tsaro, titunan ciki duk sun mutu a jikin bango, babu mai haɗuwa da na maƙwabta, shi ya sa kowa dole ya faɗo titin filin jirgi ko zai sayo tumatir ne kawai. Gosulon Nyanya da safe ma kusan labarin kenan. Ki tuna lungunan cikin birnin Kano, ta ko'ina ka shiga ka ɓulla.

Ku haɗu da shugabannin estet ɗin biyu, a buɗe ƙaramar ƙofa ta masu ƙafa da maigadi.