Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Karatu Ne Ke Kai Mutum Aikin Kare Muhalli?

Saƙonnin da suka iso mana a wannan makon kusan duk kan magana ɗaya suka tsaya, wato yadda karatun sakandare da na jami'a ke haɗuwa da aikin kare muhalli da ci gaba mai ɗorewa. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar sakandare ce, kuma lokacin zaɓen darussa ya yi. Ina son aikin kare muhalli idan na gama karatu. Wane darasi zan riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Ki riƙe lissafi da hannu biyu, ko da yana ba ki wahala. Galibin aikin wannan fanni awo ne: man nawa aka ƙona, ruwan nawa aka ɓata, me ya ragu bayan an yi gyara. Sai kimiyyar sinadarai, domin da ita ake gwajin ruwa da ƙasa da iska. Mai gwajin ruwan sha yana duba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, sannan ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar cutar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan. Tushen wannan duka yana cikin darasin da kike yi yanzu. Fiziks zai buɗe miki hanyar makamashi, nazarin halittu kuma ta noma da gandun daji. Kada ki raina darasin harshe, don komai kyan awon da aka yi, rahoto ne ke isar da shi ga masu yanke hukunci.

Ba sai kin nemi kwas mai ɗauke da sunan ɗorewa ba. Muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun haɗa da ruwa, makamashi, lafiya, birane da masana'antu, kuma kowanne yana buƙatar wanda ya ƙware a sana'a guda tukuna.

Tambaya: Ina karatun injiniyan lantarki, amma abin da muke yi duk na kan allo ne. Ta yaya zan shirya wa aikin sola tun kafin in kammala?

Amsa: Aikin yana nan, domin IRENA, hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 16 ne ke aiki a fannin makamashi mai sabuntuwa a duniya a 2023, kuma sola ce ta fi ɗaukar kaso mafi girma. Amma mai ɗaukar ma'aikaci zai gwada ka ne da abu ɗaya: ka iya auna tsarin da zai ɗauki nauyin gida ko ofis?

Ka fara da lissafin nauyi. A ce fitilu huɗu ne masu wat 10, suna aiki awa 5, ka sami wat-awa 200. Fanka mai wat 60 na tsawon awa 8, 480 ke nan. Kwamfuta mai wat 50 na awa 4, wani 200. Jimilla 880 a yini. Wutar da farantin sola ya samar ba duka take isa ga kaya ba, saboda zafi da ƙura da waya da inbata kowanne yana cin rabonsa. Don haka ka raba 880 da 0.75, zai ba ka kusan 1,170. Idan wurin yana samun cikakkiyar rana ta awa 5, faranti mai wat 235 ake buƙata, sai ka ɗauki mai 300 don a sami rara. Awa 5 ɗin nan misali ne kawai, dole ka nemo adadin wurin da za a kafa, kuma ka yi aiki da na watan da rana ta fi ƙaranci.

A batir ne aka fi yin ɓarna. Idan batirin mai bolt 12 ne, raba 880 da 12, ka sami amfiya-awa 73, wato ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa. Batirin dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba yana mutuwa tun kafin lokacinsa, saboda haka ka ninka biyu, 146, ka ƙara abin da inbata ke ci, sai ka tsaya a mai 200. Na litiyam yana jure a sha kashi 80 cikin 100 ko fiye. Sauran abubuwan da ke kashe aiki sanannu ne. Inuwar reshe a kan faranti ɗaya tana rage wutar duk jerin da aka haɗa a layi guda. Siririyar waya tana zafi tana zubar da bolt, musamman a tsarin bolt 12 inda amfiya ke da yawa. Firji da famfon ruwa kuma suna fizgar wuta ninki da dama a lokacin tashi, sai inbata ta kashe kanta alhali lissafin takarda ya nuna ta isa.

Ka yi wannan lissafi wa wani gini na gaske a makarantarku, ka ari mita ka auna, ka rubuta bambancin da ke tsakanin abin da ka lissafa da abin da ka gani. Shafi uku na irin wannan sun fi doguwar takardar neman aiki tasiri, domin gani ya kori ji. Idan lokacin horon aiki ya zo, ka nemi wurin da za a bar ka ka hau rufi tare da masu haɗawa, kuma ka koyi ƙa'idojin kariya kafin ka taɓa waya, don faranti yana ba da wuta muddin akwai haske a kansa.

Tambaya: Akanta na karanta. Shin ƙofar nan ta rufe mini ke nan?

Amsa: Ko kaɗan. Kamfanoni yanzu suna ƙididdige hayaƙin da ke ɗumama duniya kamar yadda suke ƙididdige kuɗi. Tsarin ƙididdige hayaƙin da ake kira GHG Protocol ya kasa shi gida uku: wanda kamfani ya fitar da kansa daga janareto da motocinsa, wanda ya fito daga wutar da ya saya, sai na masu kawo masa kaya da masu amfani da abin da ya sayar. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, wato lita 1,000 ta ba da kimanin tan 2.7. Lissafin ba shi da wuya. Wahalar tana wajen tattara rasit, daidaita ma'auni, da hana a ƙirga abu ɗaya sau biyu, kuma wannan aikin mai binciken kuɗi ne tun asali. Ka karanta IFRS S1 da S2, ƙa'idojin da aka fitar a 2023 kan yadda kamfanoni za su ba da rahoton ɗorewa da sauyin yanayi, ka kuma goge hannunka a Excel.

Tambaya: Ni uba ne. 'Yata ta nace sai labarin ƙasa za ta karanta, ni kuma ina tsoron kada ta gama ta zauna a gida. Me kuka gani?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka hana. Tsoronka yana da tushe idan ta tsaya a haddar sunayen koguna da duwatsu. Idan kuwa ta haɗa da fasahar taswira ta kwamfuta, magana ta canza. Manhajar QGIS kyauta ce, haka hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat, wanda ya fara aiki a 1972, da na Sentinel-2. Da su ake gano inda daji ya ragu, inda ambaliya ke bi, da inda gari ke cin gonaki. Ana neman masu wannan ƙwarewa wajen nazarin tasirin manyan ayyuka ga muhalli, wanda dokokin ƙasashe da dama suka wajabta kafin a gina madatsar ruwa ko babbar hanya ko masana'anta. Taimakon da za ka yi mata shi ne kwamfuta mai ɗan ƙarfi tun shekarar farko, da ƙarfafa mata gwiwa ta ɗauki darasin ƙididdiga. Ta kuma riƙa zuwa fili tana tabbatar da abin da hoto ya nuna, domin daga sama gonar da aka girbe tana iya kama da ƙasar da ta lalace.

Tambaya: Na tara takardun shaida na kwasa-kwasan intanet har guda takwas, amma shiru. Ina matsalar?

Amsa: A ganinmu sun yi yawa, kuma wataƙila babu wadda ta nuna abin da hannunka ya yi. Kwas na 'yan awoyi yana koya maka kalmomin fannin, shi ke nan. Ka zaɓi hanya ɗaya. Idan masana'anta kake so, ka nemi horon bincike kan ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, wato ISO 14001 na kula da muhalli ko ISO 50001 na makamashi, ka kuma bincika ko wata hukumar tantancewa ta amince da masu ba da horon kafin ka biya. Daga nan ka nemi izinin wata makaranta ko ƙaramin kamfani, ka auna shararsu na mako biyu: a ware roba, takarda, ragowar abinci da ƙarfe, a ɗora kowanne a sikeli kullum, da safar hannu da takunkumi. Kada ka yi awon yini ɗaya ka ninka, don sharar ranar aiki ba ɗaya take da ta ranar hutu ba. Ka rubuta sakamakon da shawara biyu ko uku da za su iya aiwatarwa, ka nemi shugaban wurin ya sa hannu, sannan ka haɗa rahoton da takardar neman aikinka ta gaba.