Amsar Gwaggo daga Gadarif ta ƙasar Sudan: azumin ɗari da ƙaramin yaro a gida

Assalamu alaikum ɗiyata. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Ya maigidan naki da su Hajiya? Angona kuma ki faɗa masa, in bai iya "ina kwana" ba kafin Salla, na fasa auren.

Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Kin ce azumin bana ya faɗo cikin sanyi, yaro ya shiga shekara ta huɗu, ya fara wayo, amma Larabcin Madina ya fi yawa a bakinsa. Gidan surukanki sambusa ce da shurba da Vimto, ke kuma kin tashi da hilu-mur, abin shan azumin nan na dawa, da asida, tuwon Sudan, da kunu, har kin rasa wanne ne namu na Hausawa da za ki ɗora shi a kai, wanne ne na aro. Kin kuma tambayi batun tashe, da ko ya dace a fita da shi Idi a wannan sanyi.

Bari in fara da wanne ne namu, don shi ya fi damunki. Kakata, wadda aka sa miki sunanta, a goye aka taho da ita bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, har suka sauka bakin kogin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906, a garin da har yau ake kira da sunansa. Wasu kuma ba hijira ta kawo su ba, hajjin ƙasa ne: Maiduguri, Abeshe, Junaina, Ubayyid, a yada zango a yi damina, a tsinci auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, a tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya haye, wani ya zauna. Kakannin mijinki na cikin waɗanda suka haye ba su dawo ba.

To, me kike tsammani waɗannan mata suka girka a shekarun nan na hanya? Abin da suka tarar. Gero da dawa akwai, tsamiya akwai, kuka akwai, busasshiyar kuɓewa ma ga ta, maƙwabta na ce mata weka. Inda kalwa ta yi wuya sai a koma daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, ko kawal, wanda ba komai ba ne illa ganyen tafasa da aka ruɓar. Hilu-mur kam ba mu zo da shi ba, a nan iyayenmu suka koya wajen matan maƙwabta, kamar yadda suka koyi kisra, siririyar gurasar dawa. Su ma sun ɗauka a wajenmu. Babu kasuwar da za ki shiga daga Khartum zuwa Kasala ba ki ji ƙamshin agashe ba, godogodon gero da nono kuwa matanmu ne ke sayar wa kowa da kowa. Can wajenku ma siriyar da 'yan Makka da Jidda ke layi a kanta da dare, tsiren kakanninku ne. Saboda haka kada ki zauna kina tsince tukunya. Sambusar Hajiya ita ma za ta shiga, jikokinki su rantse tasu ce tun asali.

Abin da nake tsoro ya ɓace wa yaron nan ba sunan abinci ba ne. Ke ce za ki shige kicin ki rufo ƙofa don kada ya dame ki, a miƙa masa waya, sai an kira salla ya ga faranti ya sauka gabansa. Wanda aka rena haka, ko tuwon gero da miyar kuka yake ci kullum, bai san komai na gidansu ba.

Ba za ki tuna ba, amma ke ma a ɗari kika fara ganin azumi. Daga 1997 zuwa 2000 watan yana kamawa ne tsakanin ƙarshen Nuwamba da Janairu. Da la'asar nakan zaunar da ke kan tabarma a tsakar gida, inda rana ke bugun katanga, in ajiye miki roba da ruwa mai ɗumi da waken ƙosai da aka surfa. Aikinki ki kwashe ƙowar da ta taso sama. Rabin waken a ƙasa yake ƙarewa, kaji su yi ta biki, mahaifiyarki na faɗa wai ina ɓata ki. Amma a bakin robar nan kika koyi "miƙo", "zuba", "ya isa", "sannu da aiki". Da aka sha ruwa kuma kika hana kowa taɓa ƙosan sai an yarda ke kika yi. Wannan nake so ki yi masa. A kicin kada ki yi masa Larabci ko kalma ɗaya. Larabci ba zai rasa shi ba, titi da makaranta da masallaci duk za su ba shi. Hausa kuwa in ba a wajenki ba, babu inda zai same ta da ƙwari.

Na san ɗan fari ne, kuma mu an hore mu da kawaici, ba a kiran sunansa, ba a jansa a jiki gaban mutane. Wannan ya yi kyau lokacin da gida ke cike da kakanni da gwaggwanni masu ɗauke miki shi. Ke a bene kike, daga ke sai shi. Ki yi kunyarki gaban Hajiya, in kun koma ɗaki ki yi ta yi masa surutu.

Batun girki, sanyi ya sauƙaƙa miki. Hilu-mur maganin ƙishirwa ne, na azumin bazara, ranar da maƙogwaro ke bushewa tun hantsi. Kuma ba abin da mace ɗaya za ta yi a bene ba ne. Tun Sha'aban ake jiƙa dawa a shimfiɗa ta ta tsira, a shanya, a niƙa, a dama, a zuba citta da kirfa da hulba da tsamiya da zoborodo, a bar ƙullin ya yi tsami, sannan mata su taru gayya a bakin doka, faffaɗan kaskon gashi, yini guda, hayaƙi na cin ido. Duk unguwa sai ta san azumi ya matso. Wannan ki bar mana shi, zan aiko miki. Ke ki riƙe kunun tsamiya. Gero za ki samu wajen masu kayan ƙamshi, ki ce dukhun. Ki jiƙa shi tun dare, ki wanke, ki markaɗa da citta da kanumfari, ki tace, ki bari ya kwanta. Tsamiyar ki jiƙa ta daban da ruwan ɗumi, ki tace, ki tafasa ruwan sosai, sai ki sheƙa kan ƙullin kina juyawa. In ruwan bai tafasa da kyau ba kunun zai tsinke, kuma babu dabarar da za ta mai da shi daidai. Nasa ki ɗebe kafin ki sa barkono. Ran da kika gaji, madidar gero da madara ta wadatar, ko kunun gyaɗa. Balila, dafaffen waken nan, ita ma yana iya ci in ta dahu luguf, amma gyaɗa ɗanya ko soyayya kada ki ba shi guda-guda, dabino kuma ki cire ƙwallon da hannunki. Yara masu shekarunsa da irin waɗannan suke shaƙewa.

In kunu ya yi, ki zuba a ƙaramin kwano mai murfi, wanda ya huce, ki ɗora masa a hannu ya kai wa Hajiya ko maƙwabciyar da ke ƙofa da ƙofa da ku, kina biye da shi. Ya yi sallama da bakinsa. Nan Sudan kin san yadda muke: maza su fitar da tire titi, a shimfiɗa tabarmi, duk mai wucewa a tare shi, a ƙauyukan Jazira har motocin haya ake tsayarwa a kan hanyar Madani a sauke fasinja dole su sha ruwa. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 tiren ya ragu, gidanmu kuma ya cika da 'yan'uwa daga Madani da Sinja, amma ko balila ce da ruwan zoborodo sai an fitar. A Madina ba sai an koya wa kowa ciyar da mai azumi ba, kin ga shimfiɗun Harami da idonki. Abin da nake so shi ne ya san cewa daga tukunyar uwarsa ma ana fitarwa.

Azumi kuwa kada ma a fara yi masa zancen ya gwada. Ba ya kansa sai ya balaga, salla ma sai ya shekara bakwai ake umartarsa. In ya farka da sahur ya ce zai ci, ki ba shi, ya koma barci. Allah ya yi masa gata: watan na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, a 2030 zai kama a farkon Janairu, ya sake kamawa a ƙarshen Disamba. Daidai lokacin da zai fara rabin yini ke nan, ga rana gajera, ga ba ƙishi.

Tashen da kike gani a waya na Kano da Katsina ne da sauran garuruwan can, wasan yara da samari daga goma ga wata, gida-gida, ana ba su hatsi ko kuɗi. Abu ne mai son unguwa da zaure da mutanen da suka san juna, ba za ki ƙirƙiro shi ke kaɗai a bene ba. Wanda kika sani da idonki shi ne rahmatat, Alhamis ɗin ƙarshe ta azumi, da ake dafa fatta da shinkafa da nama sadaka ga mamata, yara su bi gidaje suna waƙa a zuba musu. Malamai sun sha magana a kan ware ranar, ni ba zan shiga tsakaninsu ba. Amma ki tara yaran dangin mijinki wata rana cikin goman ƙarshe, ki ciyar da su a tire ɗaya, ki ambaci sunan mahaifinki da na kakanninki yaron na ji, ki ce a yi musu addu'a. Wannan babu mai hana ki.

Yanzu sanyin kansa. Na Madina ya fi namu cizo, ballantana da asuba. Wanka ki mai da shi tsakar rana, ki ɗumama man riɗi a tafin hannu ki murje shi da shi, ƙirji da baya da tafin ƙafa da leɓe. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai da ƙarfi: gawayi. Ko na turaren wuta ne, ko na jabana, wato dafa gahawa, kada ya kwana a ɗakin da aka rufe taga. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai yake ji, kuma gida guda takan kwashe. Mu da muke jin ɗumi da kasko a da, bukkokinmu iska na ratsa su ta ko'ina, ɗakunanku kuwa a toshe suke. Hita ma ki sa ta inda hannunsa ba ya kai. In mura ce ko ɗan tari, ruwan ɗumi da zuma sun isa tunda ya wuce shekara, bagaruwa kuma ki bar wa manya. Amma in kika ga numfashinsa na sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ki bar duk wani haɗin gida ki nufi asibiti.

Daren Salla, in babansa zai auna zakkar fidda kai, a kira shi. Mudun Annabi huɗu ne a kan kowane rai, har da shi. Mu dawa muke fitarwa, ku shinkafa. A kama hannunsa a auna nasa da shi, a ce wannan na wane ne, wannan na Umma, wannan naka. Zai zubar, a share.

Idi ki kai shi, amma ba Harami ba bana. Can sai an fita tun kafin asuba ake samun wuri, a zauna kan marmara mai sanyi har rana ta fito, ga turmutsutsu. Masallacin unguwa ya ishe shi. Ki sa masa riga mai kauri a ƙarƙashin jallabiyar, da safa, da hular da ta rufe kunne, ko ta ɓata kwalliya. In an sauko, karin safe na Hajiya ne, kada ki yi gasa da ita. Dibyazarsu ta busassun 'ya'yan itace da cuku da zaitun da burodin shurek ki ci ki yaba. Ke ki ɗauki rana: tuwo da miyar kuka ko ta weka, da kajinki, ki aika wa kowa. Kek da biskit da muke kaiwa gidan burodi a manyan farantai, ki yi kaɗan a tandarki kwana biyu kafin Salla, ki ba shi guntun ƙulli da murfin kwalba ya yanka nasa. Ki koya masa durƙusawa ya ce "barka da Salla" kafin ya miƙa hannu karɓar idiyya, wato goron Salla, ku kuma manya ku nemi gafarar juna a gabansa kamar yadda muke yi nan. Sannan ki bugo mini ta bidiyo in ga kayan angon, goron Sallarsa na wajena.

Akwai mai tafiya umra daga unguwarmu ta jirgin Sawakin, zan ba ta hilu-mur da weka da man riɗi na matsar bana. Daddawar na naɗe ta leda uku na sa a gwangwani saboda mutanen jirgi. In ta iso Jidda za ta kira lambar maigidanki, ki ce masa ya riƙa ɗaga baƙuwar lamba. Ki gaida Hajiya da kyau, ki ce ina mata barka da shigowar wata.

Gwaggonki.