Amsa kan tsohon Optimus Prime ɗin da ka gani a gwanjo

Salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga robot ɗin nan ja da shuɗi mai komawa tirela a wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, mai kayan ya rantse maka orijina ne na da, kana son sanin yadda ake ganewa kafin ka zuba kuɗinka. To na daɗe ina tara su, kuma wallahi ina son ka dace.

Fara ɗaga shi ka ji nauyinsa. Robot-robot ɗin Transformers da kamfanin kayan wasa na Hasbro ya fitar a Amurka a 1984 asalinsu na kamfanin Takara ne na Japan, kuma Optimus na lokacin akwai ƙarfe a ƙirjinsa, tayoyinsa roba ce mai laushi, in ka ji shi sakayau tayar kuma ƙandararren filastik ce to ajiye musu abinsu. Sai ka juya shi ka nemi rubutun da aka buga a jikinsa, Takara da Japan da shekara. Amma fa shekarar nan kar ta ruɗe ka, an sake fitar da su daga baya, kuma masu jabu yanzu har ƙarfen suna sawa, don haka ka duba fenti da sitika, na gaske yakan nuna tsufa. Na 1985 zuwa sama akwai wata baƙar sitika da in ka goga da yatsa ɗumi zai fito da fuskar Autobot, wato tambarin ƙungiyar su Optimus.

Abin da ni na fi damuwa da shi shi ne cikar kaya. Dunƙulen hannayensa biyu cirewa ake yi in za a mai da shi mota, su ne yara ke fara ɓatarwa, sai bindiga da tirelar da yake ja a baya da ƴar motar cikinta mai suna Roller. In babu su ka taya ƙasa sosai, kar ka ji kunya. Ka roƙi mai kayan ya bar ka ka zazzage buhun har gindi, sau da yawa a nan ƙananan kayan suke maƙalewa.

In ka saya kar ka lanƙwasa gaɓar da ta ƙi, tsohon filastik karyewa yake. Kar ka ajiye shi bakin taga, ranar Zariya tana dafar da launi ta tsattsaga taya, ƙurar hunturu kuma da busasshen buroshi za ka kakkaɓe, ruwa da omo cinye sitika suke. Turo mana hoton bayansa da ƙasan ƙafarsa mu duba tare.